IPB ko All-I? Ganyen bishiya da sararin sama suna lalace min a bidiyo

Dutsen_Yamma:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da tambaya ga waɗanda suka riga ni a harkar nan. Wata huɗu ke nan da na fara ɗaukar bidiyon daji da tsaunuka da bakin ruwa, don sha'awa kawai. Ranar Asabar na yi sammako, na kafa kamara a gefen kogi ina jiran fitowar rana. A ɗan gilashin bayan kamara komai ya yi kyau. Da na dawo na buɗe a kwamfuta sai jikina ya yi sanyi. Sararin sama ya yi zobe-zobe kewaye da rana, launin ba ya narkewa cikin ɗan'uwansa, kamar an jera matakala. Bishiyoyin tsallaken kogi kuma duk lokacin da iska ta kaɗa sai ganyen ya cakuɗe, kamar an shafa koren fenti da yatsa. Iska na lafawa sai su dawo daidai.

A cikin saitin kamarar akwai IPB da All-I, akwai H.264 da H.265, akwai 8-bit da 10-bit, ga kuma lambobi: 60, 100, 200 da 400 Mbps, wato megabit a sakan, yawan bayanin da kamara ke rubutawa. Ni 4K na ɗauka, firam 50 a sakan, wato hotuna 50 a jere kowane sakan, IPB, 8-bit, na zaɓi 60 don kada memori ya cika da wuri. Wani abokina ya ce in koma All-I kawai, matsalar za ta ƙare. Shin haka ne?

Gajimare77:
Wa alaikumus salam. Abokinka ya faɗa maka gaskiya. All-I kowane firam cikakken hoto ne. Ni tun da na koma kansa ban waiwayi IPB ba.

Tsohon_Edita:
Wa alaikumus salam, Malam Dutsen Yamma. Kafin ka taɓa saitin, ka san cewa cuta biyu ka kawo mana, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne.

Zobe-zoben sama daga 8-bit ya fito. A 8-bit, kowane launi cikin ukun, ja da kore da shuɗi, mataki 256 gare shi daga duhu zuwa haske. A 10-bit mataki 1024 ne. Sararin samaniya lokacin fitowar rana yana sauya launi a hankali a kan fili mai faɗi, to idan matakan sun yi kaɗan sai ido ya ga inda wani ya ƙare wani ya fara. Matsewar bidiyo kuma tana ƙara tsananta abin, domin idan bit suka yi ƙaranci, wuraren da suke sumul ake fara yi wa rowa. Ko ka koma All-I, muddin kana 8-bit kuma kana jan launi wurin tacewa, za ka iya sake ganin zoben.

Ganyen da ya cakuɗe kuwa yunwar bit ce. IPB yana ajiye cikakken hoto ɗaya, shi ne I. Firam ɗin da ke biye ba a ajiye su duka, ana rubuta abin da ya sauya ne kawai: P yana duba na baya, B yana duba na baya da na gaba. Idan dutse kake ɗauka, babu abin da ke motsi, dabarar tana aiki sosai. Amma ganye dubu nawa ne a tsallaken kogin nan, kowanne yana kaɗawa ta gefensa? Ga ruwa yana ƙyalli a ƙasa. Komai ya sauya a lokaci ɗaya, kason da ka ba kamarar bai isa ta rubuta shi ba, sai ta zubar da ƙananan bayanai ta bar maka kore zalla.

Injiniya_K:
Bari in ɗora lissafi a kan maganar Malam Edita. Firam ɗin 4K fiksel 3840 ne sau 2160, kusan miliyan 8.3. Ka raba megabit 60 gida 50, kowane firam ya tashi da megabit 1.2 a matsakaici, wato kilobait 150. Ka tuna girman hoto ɗaya da wannan kamarar take ɗauka in ka danna mata hoto, sai ka kwatanta da kilobait 150. Da ba a matse ba, irin bidiyon da ka ɗauka zai kai kusan gigabit 5 a sakan. Ka matse shi fiye da sau 80 ke nan, a wurin da ya fi ko'ina wahalar matsewa.

Tambayata: me ya kai ka firam 50? Rage gudun bidiyon za ka yi?

Dutsen_Yamma:
A'a Injiniya, ban rage ba. Na ɗauka duk lambar da ta fi yawa ita ta fi kyau.

Injiniya_K:
To ka koma 25. Ba tare da ka ƙara komai ba, kowane firam ya sami ninkin abin da yake samu. Ka ajiye 50 don ranar da kake son ruwa ko tsuntsu ya tafi a hankali.

Gajimare77:
Duk wannan bayani ai All-I yake ƙarfafawa. Edita da kansa ya ce IPB yana rikicewa idan ganye na motsi. To me ya rage?

Tsohon_Edita:
Ɗan'uwa Gajimare, ba haka na ce ba. Cewa na yi IPB a 60 ya yi yunwa. Ka lura All-I ɗinka a nawa yake gudu? 400. Ka kwatanta 400 da 60 sannan ka ce nau'in matsewa ne ya kawo bambancin? Idan aka ba su kaso iri ɗaya, a ce 100 da 100, IPB ne zai fi fitar da hoto mai kyau, domin ba ya ɓata bit wurin maimaita dutsen da bai motsa ba. All-I dole ya sake zana dutsen nan sau 25 a kowane sakan. Shi ya sa masu ƙera kamara suke ba shi kaso mai yawa. Ka dubi GH5 ta Panasonic: 4K a 10-bit 4:2:2, LongGOP, wato irin IPB, 150 ne, ALL-Intra, wato All-I, 400. Ba don na biyun ya ninka na farko kyau ba ne, don hanyarsa ta fi cin wuri.

Babban amfanin All-I yana wurin tacewa. Kwamfuta ba ta buƙatar lissafa firam goma kafin ta nuna maka ɗaya, saboda haka kai da kawowa a kan bidiyon yana tafiya sumul.

Uwar_Biyu:
Malam Edita na yarda da yawancin abin da ka faɗa, amma bari in faɗi abin da idona ya gani. Ni ruwa nake ɗauka, musamman inda yake zubowa daga kan dutse. Akwai ranar da na cika firam da ruwan gaba ɗaya, babu sama babu ƙasa, sai kumfa da feshi. Na ɗauka a LongGOP mafi girman da kamarata take da shi, na sake ɗauka a All-I. Da na tsayar da bidiyon ina bin sa firam bayan firam, a LongGOP sai in ga ɗaya tas, ɗigon ruwa kowanne a fili, na bayansa kuma sun ɗan dusashe, sai can wani tas ya sake zuwa. Idan yana tafiya sai ka ji kamar hoton yana numfashi. A All-I ban ga wannan ba, duka daidai suke. Don haka a ganina, inda komai na firam ke motsi babu tsari, All-I yana da ranarsa.

Tsohon_Edita:
Gaskiyarki Hajiya. Wannan numfashin da kika gani shi ne dawowar firam ɗin I. Idan babu abin da za a aro daga firam ɗin baya, fifikon IPB ya ragu ƙwarai. Ban musa ba. Sai dai yawancin abin da mai ɗaukar daji yake ɗauka ba haka yake ba: kamara a kafe take, rabin hoton sama ne, sulusi ƙasa ce.

Kurciya:
Don Allah wani ya yi min bayanin 4:2:0 da 4:2:2 da Hausa mai sauƙi. Kullum ina ganinsu ina wucewa.

Injiniya_K:
'Yar'uwa Kurciya, idon mutum ya fi kula da haske da duhu fiye da launi. Sai aka yi dabara: a ajiye bayanin haske na kowane fiksel, amma launi a raba shi tsakanin maƙwabta. A 4:2:2 fiksel biyu ne ke tarayya a launi ɗaya, a 4:2:0 huɗu ne. Kusan duk bidiyon da kike kallo a intanet 4:2:0 ne, kuma ba ki taɓa jin wani abu ya ɓace ba. Inda 4:2:2 ke taimakawa shi ne gefen abubuwa masu launi mai kaifi, kamar jan fure a gaban koren ganye, ko idan za ki ware launi ɗaya ki sauya shi. Idan aka ce in zaɓa tsakanin 10-bit 4:2:0 da 8-bit 4:2:2 don ɗaukar sama, 10-bit zan ɗauka ba tare da na yi dogon tunani ba.

Kurciya:
Na gode Yaya. Yau dai na gane.

Baƙon_Dare:
Ni fa ina ganin ana wahalar da mai tambaya. A ina za ka saka bidiyon? Idan YouTube ne, su ma za su sake matse shi. Abin da suke ba da shawarar a ɗora musu na 4K mai firam 24 zuwa 30 bai wuce 35 zuwa 45 Mbps ba, na 1080p kuma 8. Abin da ke isa ga mai kallo ma ya gaza haka. Mafi yawan mutane a waya za su kalla. To 400 ɗin na mene ne?

Uwar_Biyu:
Malam Baƙo, ai don za a sake matse shi ne ya kamata na farkon ya zama mai tsabta. Sau uku bidiyon ke shan matsa: a kamara, lokacin da ka fitar da shi bayan tacewa, sannan a shafin da ka ɗora. Abin da ya cakuɗe tun a kamara babu mai dawo da shi, na biyu da na uku ƙara masa za su yi. Kuma ba kowa ne ke ɗauka don intanet kaɗai ba. Ni ina ajiye nawa ne, ina son bayan shekara goma in buɗe a babban talabijin in ga wurin yadda na gan shi.

Baƙon_Dare:
Na ji wannan. Amma har yanzu ban ga dalilin 400 ba. 100 ko 150 sun wadatar.

Sabon_Shiga:
Ku yi haƙuri in katse ku. Ni na gwada 400 ɗin makon jiya, kamara ta ɗauki kamar sakan ashirin sai ta tsaya, ta rubuta wani abu game da kati. Rana tana faɗuwa a bayan tsauni, gajimare ya yi ja, ina tsaye ina danna maɓalli tana sake tsayawa, har hasken ya tafi. Abin ya yi min ciwo sosai. Kuma a jikin katin an rubuta 170, ai ya kamata ya ɗauka ko? Ko kuwa 400 ta fi 170 ne shi ya sa?

Injiniya_K:
Ayya, sannu. Abu biyu ne suka haɗu. Na farko, kamara da megabit take ƙirga, kati kuma da megabait, kuma bit takwas ne bait ɗaya. 400 Mbps megabait 50 ne a sakan. Na biyu, babbar lambar da ke jikin kati yawanci gudun karantawa ce, ba ta rubutawa ba. Ka nemi harafin V. V30 yana nufin ba zai gaza rubuta megabait 30 a sakan ba, V60 sittin, V90 casa'in. Ina kyautata zaton naka V30 ne, wato iyakarsa ta tabbas 240 Mbps. Don 400 sai V60 ko sama. Ka duba littafin kamarar ma, wasu suna neman katin da ya fi abin da lissafi ya nuna.

Tunda mun zo nan, ga abin da kowanne ke ci:
60 Mbps, gigabait 27 a awa
100 Mbps, gigabait 45
200 Mbps, gigabait 90
400 Mbps, gigabait 180
Katin 128 a 400 minti arba'in da 'yan kai ne. Mai jiran fitowar rana ya san minti arba'in ba komai ba ne.

Sabon_Shiga:
Na duba, V30 ne. Allah Ya saka da alheri.

Mai_Tabarau:
Babu wanda ya yi maganar H.265 har yanzu. Shi da H.264 kodek ne, wato tsarin matse bidiyo. An fitar da H.264 a 2003, H.265 kuma a 2013, kuma manufar na biyun ita ce ya ba da kyau iri ɗaya da kusan rabin bit. A aikace ba kullum yake kai rabin ba, amma a kaso ɗaya ya fi riƙe ganye da ciyawa. A kamarori da yawa ma 10-bit ɗin tare da shi yake zuwa. Malam Dutsen Yamma, in ni ne kai: 4K, firam 25, H.265, 10-bit, IPB, 200. Katinka ba zai cika da wuri ba, sama za ta gyaru, ganye zai tsaya.

Gajimare77:
Sai kuma ya kai kwamfuta ta ƙi motsi. Abin da ya kore ni daga H.265 ke nan. In ja bidiyon gaba, sai in jira, fanka tana ta ihu.

Mai_Tabarau:
Ya danganta da kwamfutar. H.265 mai 4:2:0 yawancin kwamfutocin 'yan shekarun nan suna da sashen da ke warware shi kai tsaye. Mai 10-bit 4:2:2 ne ke da wuya, domin an daɗe katunan hoto da yawa, wato sashen kwamfuta mai sarrafa hoto, ba su san shi ba, sai aikin ya faɗa kan furosesa. Furosesan Intel daga zubi na 11 da kuma M1 na Apple zuwa sama suna iya shi. Wanda tasa ta tsufa ya yi furokzi: manhajar tacewa ta yi maka ƙananan kwafi masu sauƙi, ka yi aiki da su, lokacin fitarwa ta koma kan na asali. Ka kunna kafin ka kwanta, da safe ya gama. Ni na fi son wannan a kan in riƙa sayen faifan ajiya duk bayan 'yan watanni.

Gajimare77:
Kowa da abin da ya fi masa sauƙi. Ni lokacina ya fi min faifai.

Ruwan_Sanyi:
Ina bin zaren tun safe. Akwai abin da ke wajen jerin saitin matsewa amma yana shafarsa kai tsaye, ina so Malam Dutsen Yamma ya gaya mana: gudun shota nawa ka yi amfani da shi, wato tsawon lokacin da haske ke shiga a kowane firam, ISO kuma nawa, wato yawan ƙara wa hoto haske da kamara ke yi?

Dutsen_Yamma:
Na bar su kamara ta zaɓa. Na duba yanzu, da asuba ISO ya kai 6400, da rana ta fito kuma shota ta tafi 1/2000.

Ruwan_Sanyi:
To ga rabin matsalar nan. A ISO 6400 hoton yana cika da tsaki-tsaki kamar yashi, kuma kodek bai san yashin ba shi da amfani ba. A wurinsa bayani ne da ke sauyawa a kowane firam, sai ya kashe masa bit ɗin da ya kamata ganye ya samu. A 1/2000 kuma kowane ganye ya daskare da kaifinsa a kowane firam, a firam na gaba ya yi tsalle zuwa wani wuri. Wannan shi ne mafi wahalar abin da za ka ba IPB. Idan kana firam 25 ka sa shota a 1/50. Abin da ke motsi zai ɗan yi laushi yadda ido ya saba gani, matsewa ta yi sauƙi, ruwa ya yi kama da ruwa. Da rana haske zai yi yawa a 1/50, sai ka ɗaura gilashin ND a gaban lens ya rage shi.

Sannan ka rage kaifin da kamara ke ƙarawa da kanta, kuma in za ka juya kamara daga hagu zuwa dama ka yi a hankali ƙwarai. Juyi mai sauri a kan daji yana wargaza ko wane kodek.

Tsohon_Edita:
Wannan magana ta Ruwan Sanyi ta fi duk abin da na rubuta a sama amfani. Na sha karɓar bidiyon da aka ɗauka da kaso mai yawa amma yashi ya cinye shi.

Kurciya:
To log fa? Na ga ana cewa mai ɗaukar fitowar rana dole ya yi amfani da shi.

Uwar_Biyu:
Ba dole ba ne ƙanwata. Log, irin su S-Log3 da V-Log da C-Log, yana tattara haske mai yawa da duhu mai yawa ya cusa su cikin fayil, shi ya sa hoton ke fitowa fari-fari kamar an wanke shi. Wurin tacewa sai ki buɗe shi. In 10-bit ne, akwai matakan da za su ɗauki buɗewar. In 8-bit ne, kina ja sama za ta tsage ta yi irin zoben da mai tambaya ya gani, har ma fiye. Wadda kamararta 8-bit kaɗai take yi, gara ta zaɓi launi na yau da kullum mai ɗan laushi, ta daidaita haske da farin launi tun a wurin ɗauka, ta rage taɓawa daga baya.

Mai_Tabarau:
Ƙari kaɗan: ko ka ɗauka a 10-bit, bidiyon da ba HDR ba, wato na yau da kullum, yawanci a 8-bit yake isa ga mai kallo, don haka zobe na iya dawowa bayan ka ɗora. Wasu suna zuba ɗan yashi mai laushi a kan sama kafin fitarwa don ya karya layukan.

Ruwan_Sanyi:
Ɗan kaɗan fa. In ya yi yawa mun koma inda muka fito.

Dutsen_Yamma:
Na gode muku duka, Allah Ya ƙara ilimi. Gani ya kori ji, don haka yau da asuba na koma wurin, na kafa kamara a kan sawun ƙafafunta na wancan mako. Gilashin ND ban samu ba tukuna, sai na ɗauka kafin rana ta yi ƙarfi, shota 1/50, ISO 400, firam 25. Na yi minti ɗaya-ɗaya: IPB H.265 10-bit a 100, sannan a 200, sannan All-I a 400 da katin da na aro.

Sama ta gyaru a duka ukun, zoben ya tafi, daga ruwan lemo zuwa shuɗi babu gaɓa. Akwai wata bishiya mai ƙananan ganye a tsallake, ita na sa wa ido. A 100, da iska ta taso, can cikin inuwar rassan ya ɗan haɗe, amma sai na ƙara girman hoton sau biyu na gani. Tsakanin 200 da 400 na yi ta kai da kawowa ban iya rarrabewa ba a kan bishiyar. A kan ruwa, inda rana ke ƙyalli, kamar 400 ya ɗan fi tsabta in na tsayar, amma ba zan rantse ba. Kwamfutata kuma ta fi jin daɗin All-I nesa ba kusa ba, H.265 ɗin yana tsinkewa.

Gajimare77:
Ka ji ko. Kwamfuta ta faɗi nata.

Baƙon_Dare:
Ni kuma abin da na ji shi ne sai da ya ƙara girman hoto sau biyu kafin ya ga aibin 100.

Tsohon_Edita:
Gwajin ya yi kyau, sai dai ka sauya abubuwa da yawa lokaci ɗaya, don haka ba mu san wanne ya fi yin aikin ba. Iskar yau ta kai ta wancan mako ƙarfi?

Dutsen_Yamma:
Ba ta kai ba gaskiya. Zan jira ranar da ake iska sosai in sake, in haɗa da IPB 60 a firam 25 don in ga ko shota da ISO kaɗai sun isa su gyara shi. Hajiya Uwar Biyu, wancan ruwan da kika ce yana numfashi, a firam nawa kika ɗauke shi?

Uwar_Biyu:
50 ne, don na so in rage gudunsa. Ban taɓa gwada shi a 25 ba. Ƙarshen mako zan je, in ruwan bai ja baya ba.